Ko Ciwo Alamar Fushin Allah Ne?

Akwai wata tambaya da ta daɗe a bakin 'yan Adam, ba na tsammani kuwa akwai ɗan makarantar da zai gama karatunsa bai yi karo da ita ba. In mutum ya kwanta, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ka ji an soma raɗa a zaure da bakin rijiya, ana cewa, "Shin me ya yi?" Wani ya ce rantsuwar ƙarya ce ta kama shi, wani ya ce alhakin marayu ne, wata tsohuwa ta ce ai tun kakansa abin ya ke bin gidan. Kafin mai ciwon ya sami wanda zai miƙa masa ruwa, an riga an yi masa shari'a an gama. To, ya ku 'yan makaranta, ina so mu duba abin da addinin Kirista ya koyar a kan wannan magana. Don kada mu yi ta yawo a sarari, za mu ɗauki ciwo guda mu auna da shi, watau kuturta, gama babu ciwon da aka ɗora wa zargi kamarsa, ko a ƙasar Hausa ko a wasu ƙasashe.

Mu fara da abin da ke cikin Littafi Mai Tsarki, kada kuwa mu ɓoye wanda bai yi mana daɗi ba. A cikin Littafin Firistoci an ba Isra'ilawa doka cewa wanda firist ya duba ya same shi da wannan cuta, ya zauna shi kaɗai a bayan zango, in kuma mutane sun matso ya yi kira ya faɗakar da su. Masana harshen Ibrananci sun nuna kalmar da aka fassara da kuturta ta haɗa cututtukan fata iri iri, har da wani abu mai kama tufa da bangon ɗaki, saboda haka ba lalle ba ne dukansu su zama cutar da likitoci ke kira kuturta yau. Amma dai keɓewar ta tabbata. Akwai kuma labarin mutanen da aka ce cutar ta same su domin laifi, kamar Maryamu 'yar'uwar Musa, da Gehazi baran Elisha wanda kwaɗayin dukiya ya sa shi ƙarya. Mai son ya ce ciwo hukunci ne, nan ya kan kafa hujjarsa. Sai dai ya kan manta da abu ɗaya. A labaran nan Allah ne ya bayyana dalili, ko da kansa ko ta bakin annabi. Masu raɗa a bakin rijiya fa, wa ya aiko su?

Littafin Ayuba kamar don su aka rubuta shi. 'Yan'uwanmu Musulmi su ma sun san Annabi Ayuba da haƙurinsa, amma ni abin da na fi son ku lura da shi abokansa ne. Su uku ne, Elifaz da Bildad da Zofar. Da suka ji abin da ya same shi suka taso daga garuruwansu, suka tarar ya sāke kama har ba su gane shi ba, suka zauna ƙasa tare da shi kwana bakwai babu mai cewa uffan. Ai da sun tashi a rana ta takwas sun koma gida, da har yau ana yabonsu. Amma suka buɗe baki. Hujjarsu mai tsari ce, irin wadda malami zai ba ta maki a jarrabawa: Allah mai adalci ne, mai adalci ba ya hukunta marar laifi, Ayuba yana shan azaba, ashe Ayuba yana da laifin da ya ɓoye. Babi bayan babi suna matsa masa ya tuba daga abin da bai yi ba. A ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da su, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da Ayuba ya roƙa musu gafara. Abin mamaki, su da suka tsaya suna kāre sunan Allah su aka tsauta wa, shi kuwa da ya yi ta kuka yana tambaya, shi aka gaskata. Kuma ba a taɓa gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba.

Almajiran Yesu ma sun faɗa ramin nan. A cikin Bisharar Yohanna, babi na 9, sun ga wani da aka haifa makaho, suka tambayi Malaminsu ko laifin wa ya jawo haka, nasa ko na iyayensa. Suna tsammani amsa ba ta wuce ɗaya daga cikin biyun nan. Yesu ya kawar da duka biyu, ya juya hankalinsu ga aikin da Allah ke shirin yi wa mutumin, sa'an nan ya warkar da shi. Su suna duban baya suna neman mai laifi, shi yana duban mutumin da ke zaune gabansa.

Kada wani ya ce na ce hali ba ya jawo ciwo. Yana jawowa mana. Mashayin giya yana ɓata hantarsa, mai bin mata yana iya kwaso tunjere, wanda ya ƙi tsabta ya sha ruwan kududdufi zai ga sakamako a cikinsa. Wannan sanin na likita ne, yana kuwa da amfani ga mai son ya tsare kansa. Haka kuma wanda ya kwanta, ba laifi ya binciki zuciyarsa, gama kwanciya ta kan ba mutum zarafin tunanin da kasuwa ta hana shi. Abin da aka hana shi ne ka ɗauki wannan ma'auni ka aza wa ɗan'uwanka. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne cibiyar maganar. A babi na 1 na Bisharar Markus wani kuturu ya zo ya durƙusa gaban Yesu yana roƙon warkarwa. Masu rubuta Bishara sun ba da labarin waɗanda Yesu ya warkar daga nesa, da magana kawai, bai ko gan su ba. Ashe da ya so, da ya tsaya can ya yi magana. Amma ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ku tuna, bisa ga fahimtar mutanen zamanin, wanda ya taɓa marar tsarki shi ma ya ƙazantu, saboda haka mai son ya zauna da tsarki sai ya yi nesa. A nan sai abin ya juye, tsarki ya bi hannu ya shiga jikin mai ciwo. Wa ya san shekara nawa mutumin nan ya yi babu wanda ya dafa kafaɗarsa? Daga wannan labari Kirista ya koyi cewa zaman tsarki yana sa mutum ya matso kusa da wanda kowa ke gudu. Wanda ya ke alfahari da cewa rigarsa ba ta taɓa gogar ta mai ciwo ba, rigar ce mai tsabta, zuciyar kuwa Allah ne ya san halinta.

Magana a takarda ba ta da wuya. Bari in ba ku labarin wanda ya gwada ta a aikace. A tsakiyar Tekun Pasifik akwai tsibiran Hawai. A 1865 hukumar ƙasar ta kafa doka a keɓe masu kuturta, daga 1866 kuwa aka soma kwashe su ana kai su wani lungu na tsibirin Molokai, teku ta kewaye shi ta gefe uku, ta gefe na huɗu kuma dutse ne mai tsayi kamar bango. Aka raba miji da mata, uwa da ɗa. A 1873 wani fada na Katolika mutumin Beljiyam, Damiyan, ɗan manomi, yana da shekara 33, ya ce a aike shi can. Ya tarar da mutane ɗaruruwa cikin bukkoki, ba isasshen magani, ba mai binne matattu yadda ya kamata. Da ya ke yana da ƙarfi, ya kuma iya sassaƙa, sai ya kama gina ɗakuna, yana wanke miki yana ɗaurewa, yana haɗa akwatin gawa, yana haƙa kabari da hannunsa. Yana cin abinci kwano ɗaya da su. Wajen ƙarshen 1884, ran nan ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan zafi, fata ta sāle, shi kuwa bai ji kome ba. Nan ya gane. Ya ci gaba da aiki har ya rasu ran 15 ga Afrilu, 1889.

To, me ku ke tsammani aka ce? Bai daɗe a kabari ba, wani babban mai wa'azi a Honolulu ya rubuta wasiƙa, aka buga ta a jarida, yana cewa mutumin ƙazami ne, mai taurin kai, kuma rashin kamun kansa ne ya jawo masa cutar. Ga Elifaz ya sāke dawowa, da kwat da littafi a hannu. Marubucin nan Robert Louis Stevenson, wanda ya taɓa ziyartar Molokai, ya mayar masa da amsa mai zafi a 1890. Bai ce Damiyan ba shi da aibi ba, ya yarda mutum ne mai kaushin hali. Abin da ya tsaya a kai shi ne, wannan ya tafi, mai zargin kuwa yana zaune cikin gidansa mai daɗi. A 2009 Ikilisiyar Katolika ta sa Damiyan cikin jerin tsarkakanta.

Amma kada yaro mai zafin zuciya ya karanta wannan ya ce ashe tsarki shi ne mutum ya jefa kansa cikin cuta. A 1888 wata sista, Marianne Cope, ta zo Molokai da 'yan'uwanta, ta yi jinyar Damiyan kansa, ta zauna can har ta rasu a 1918. Ita mace ce mai tsananin kula da wanke hannu da tsabtar wuri, cutar kuwa ba ta kama ta ba. Shekara 30 ta yi a wurin, shi ya yi 16. Ba na iya cewa ƙaunarta ta gaza tasa domin ta mutu da yatsunta cikakku. In cutar Damiyan ba shaidar zunubi ba ce, haka nan ba ita ce shaidar tsarkinsa ba. Zuwan da ya yi da zaman da ya yi su ne shaida.

Wani abin lura kuma, a shekarar nan ta 1873 da Damiyan ya sauka Molokai, a ita ce wani likita a birnin Bergen na ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Kafin nan likitoci da yawa suna cewa gado ce. Sannu a hankali aka gane ƙwaya ce ke kawo ta, ba ta da saurin kamu, sai an daɗe ana zama tare da wanda bai sami magani ba, kuma wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ta da kansa. Ƙwayar nan ba ta san mai rantsuwar ƙarya ba, ba ta san mai gaskiya ba. Shekaru da yawa ba abin da a ke da shi sai man 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya, ana yin allurarsa, ga zafi ga ƙarancin amfani. A 1941 aka soma gwada wani sabon magani a Carville ta Amurka, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1940 Likita John Lowe, a Uzuakoli cikin gabashin Nijeriya, ya nuna ana iya ba da ƙwayar dafson ta baki, ga araha. Daga farkon shekarun 1980 aka koma haɗa magunguna, tun 1995 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayar da su kyauta. Wata 6 ko wata 12, an warke. Duk da haka a 2019 an sami sababbin masu cutar fiye da 200,000 a duniya, da yawansu kuma ba su zo da wuri ba domin kunya. Wannan kunyar masu raɗa ne suka ƙera ta.

Nan ne zan ce wani abu ga waɗanda ke koyar da cewa mai bangaskiya ba ya shan magani, ko kuwa wanda aka yi wa addu'a bai warke ba, bangaskiyarsa ce ta gaza. Wannan tsohon zargi ne aka sa masa sabuwar riga. Annabi Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurun Sarki Hezekiya. Luka, wanda ya rubuta Bishara ta uku, likita ne. Manzo Bulus, wanda aka ce an warkar da mutane ta hannunsa, ya faɗa a wasiƙa cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Shi kansa yana da wata wahala a jiki wadda ya kwatanta da ƙaya, ya roƙa sau uku a cire masa, ba a cire ba, sai alheri da aka ba shi na ɗaukarta. In bangaskiyar Bulus ba ta kai ba, ta wa za ta kai?

Sauran tambaya mai wuya, ba kuwa zan yi kamar ban gan ta ba. In Allah mai ƙauna ne, mai iko kuma, don me ya bar ciwo a duniya tun farko? Wani likita Bature, Paul Brand, wanda ya soma aiki a Vellore ta Indiya a 1946, ya kawo wani ɓangare na amsa daga inda ba a zata ba. Da, kowa yana tsammani cutar ce ke cinye yatsu kai tsaye. Brand ya bi majinyatansa yana lura, sai ya ga mafi yawan ɓarnar daga rashin jin zafi ta ke. Ƙwayar tana kashe jijiyar ji, sai mutum ya ɗauki tukunya daga wuta bai sani ba, ya yi tafiyar yini da ƙaya a tafin ƙafa, ɓera ya gaigaye masa yatsa da dare yana barci. Miki ya hau kan miki, har ƙashi ya lalace. Ashe zafin da mu ke zagi mai gadi ne, wanda ya rasa shi ya rasa mai tsaron jikinsa. Wannan ya isa ya sa mutum ya rage gaggawar cewa duk abin da ya yi zafi mugunta ce. Amma ba na so in ja shi ya wuce inda ya tsaya. Akwai azabar da ba ta gadin kome, kamar ta mai ciwon daji a kwanakinsa na ƙarshe, ko ta jariri da zazzaɓi ya ɗauke. In ka je wa uwar jaririn da labarin mai gadi, ka zama Zofar.

A nan addinin Kirista bai ba da lissafin da zai rufe bakin mai tambaya ba. Abin da ya ce shi ne, Allah bai tsaya daga nesa yana kallo ba. Kirista sun gaskata cewa cikin Almasihu ya shigo inda ciwo ya ke, ya ji yunwa da gajiya, ya yi hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru, a Gatsemani ya roƙa a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, ba a kuwa ɗauke ba. Na sani mai karatu Musulmi ba zai karɓi wannan ba, ba kuma gardama na zo yi ba, amma ya kyautu ya san abin da maƙwabcinsa ke nufi in ya ce Allah ƙauna ne. Yana nufin cewa wanda ya fi kowa tsarki ya sha wahala fiye da kowa, saboda haka ba shi yiwuwa a mai da wahala ma'aunin nisan mutum da Allah. Kirista yana kuma sa zuciya ga ranar da ciwo da mutuwa za su ƙare. Kafin ranar ta zo, hannun da mai ciwo zai ji a kafaɗarsa na mutum ne, watau naka ko nawa. Bulus ya kwatanta jama'ar masu bi da jiki ɗaya, inda ciwon gaɓa guda ke tā da sauran gaɓoɓi duka. In mun haɗa wannan da abin da Brand ya gani, sai mu ce jama'ar da ba ta jin ciwon ɗan cikinta, jijiyarta ta mutu, tana ƙonewa ba ta sani ba.

A ƙasarmu ma an yi wannan aiki. A Garkida, da Yadakunya kusa da Kano, da Amanawa ta ƙasar Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, an yi mazaunan jinya inda ma'aikatan mishan, Turawa da 'yan ƙasa, suka wanke miki shekara da shekaru, tun ba a sami maganin kirki ba. Da yawan masu ɗaurin mikin nan su kansu majinyata ne da suka sami sauƙi, suka koyi karatu da aikin allura a wurin, ba a rubuta sunayensu a littattafai ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Sarakuna da malamai sun yi ta jin tsoron kada a mai da magani tarkon sauya addini, musamman ga yara, kuma tsoron nan ba a banza ya taso ba. Duk inda mai ciwo ya ji cewa sai ya nuna sha'awar wa'azi za a sake masa fuska, an ɓata aikin, ƙauna ta koma ciniki. A Bisharar Luka kutare goma aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, ba a kuwa ce an mayar wa taran cutarsu ba.

Hausawa na cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Karin maganar nan tana ba da dariya, amma ta tona mu. Ashe ƙyamar tamu tana da farashi, in akwai kuɗi sai ta kau. Wanda a ke gudu shi ne wanda ciwo da talauci suka haɗu a kansa. Ɗan makarantar da ya ke son ya san ko karatun addininsa ya shiga jikinsa, ba sai ya ƙetare teku zuwa Molokai ba. Akwai abokinsa da ya kwana uku a ɗakin jinya na makaranta ba wanda ya leƙa shi, akwai yaron da farfaɗiya ta kayar a fili kowa ya watse wai kada a taɓa yawunsa, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa.

In kuma ka je gida hutu, ka ga wani naka yana ɓoye wani tabo a jiki, fatar wurin ta yi fari-fari ko ja-ja, ba ƙaiƙayi, to, ka ja shi gefe inda ba kowa. Ka ce ya rufe ido, ka ɗauki ɗan zaren auduga ka shafa a fata mai lafiya, sa'an nan ka shafa a kan tabon, ya nuna maka da yatsa inda ya ji. In ya ji na farko bai ji na biyu ba, kada ka tambaye shi abin da ya yi, kada kuma ka gaya wa mutanen zaure. Ka raka shi asibiti da ƙafarka tun jijiya ba ta lalace ba. Da zarar ya soma shan magani ba ya sa wa kowa cutar, saboda haka in kun komo gida da la'asar, aka kawo tuwo, ba dalilin a ware masa kwano.